Zauren Masu Karatu: Cefane da Ɗabi'unmu Bayan Korona

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata daga sassan Jihar Kebbi sun karkata ga abu guda, wato yadda sayayya da wasu ɗabi'u na yau da kullum suka sauya tun daga shekarar korona. Mun zaɓo biyar daga ciki, kuma kamar yadda muka saba, ba ma buga sunan mai tambaya.

Tambaya daga wata uwargida a Argungu: Assalamu alaikum, Malam. Kafin zuwan korona maigidana kan sayo buhun shinkafa da na gero da na wake tun da kaka, mu jibge a ɗakin ajiya, ba ma sake tunanin awo sai damina ta yi nisa. Tun daga wannan shekarar abin ya watse. Yanzu kullum sai dai a aiki yaro ya auno mudu ɗaya ko biyu, a ƙullo mai a leda. Shi yana cewa korona ce ta jawo, ni kuma ina ganin ai korona ta daɗe da wucewa. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma akwai hanyar da za mu koma ajiya irin ta da?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Maigidanki ya faɗi daidai game da inda abin ya faro, amma ba korona ce ta tsare ku a kan mudu har yau ba. Ke da kike Argungu kin fi ni tuna yadda shekarar ta juya. A tsakiyar watan Maris na 2020 garinku ya cika maƙil da baƙi saboda bikin kamun kifi da ya dawo bayan shekara goma ba a yi shi ba, kafin watan ya ƙare kuwa an rufe makarantu, an kafa dokar zaman gida a Legas da Ogun da Abuja. Kano ta bi baya a watan Afrilu, sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Direba da tela da ɗan kabu-kabu da mai sayar da abinci a bakin makaranta, duk waɗanda sai sun fita suke samu, sun cinye ajiyarsu a cikin azumin wannan shekara, wasu ma har da jarinsu. Da damina ta kankama kuma ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a fadamunmu, saboda haka kakar da ake sa ran za a cike giɓi da ita ta zo da tsada.

Da a nan aka tsaya, da gidaje da dama sun farfaɗo cikin shekara ɗaya ko biyu. Sai dai iyakar Kamba da ke tsakaninmu da Nijar, wadda aka rufe tare da sauran iyakokin tudu tun watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilun 2022. Shekarar 2023 kuma ta shigo da ƙarancin takardun kuɗi, ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Magidancin da bai gama biyan bashin 2020 ba, ta ina zai haɗa kuɗin buhu uku lokaci ɗaya?

Abin da ke damuna game da awon kullum shi ne, mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa sayen abinci da tsada. Buhun nan ya bi ta hannun dillali, ya bi ta hannun ɗan sari, ya iso wurin mai awo a unguwa, kowa da ribarsa, sannan ga kuɗin leda, ga abin da ke zubewa a hanya, ga mudun da aka doke wa gindi ya shige ciki. Ki lura da hannun mai awo: idan ke kika tsaya a gabansa zai cika mudu ya tare da tafinsa har ya yi tozo, idan kuwa yaro aka aika, sau da yawa a shafe yake juyewa.

Hanyar komawa ajiya ita ce haɗin gwiwa, tunda aljihu ɗaya ba ya iyawa. Ku haɗu gida huɗu ko biyar da kuka yarda da juna, ku yi adashi wanda ba a kwasar kuɗi a cikinsa sai dai hatsi, ku fara zubi tun da damina, idan kaka ta yi a tura mutum ɗaya kasuwar ƙauye ya sayo buhu a raba a gaban kowa da mudu guda. Ku da kuke tsakiyar masu noman shinkafa kuna da kaka biyu, ta damina da ta noman rani, kuma shanshera ta fi gyararriyar shinkafa jure ajiya, don haka ya fi kyau a saye ta da ɓawonta a riƙa kai wa inji kaɗan-kaɗan. Albasa idan ta faɗi da rani a Aliero, tumatir idan ya yi araha, a yanka a shanya a yi kauɗa, haka kuɓewa da barkono.

Kafin ki ɗaure buhu, ki tabbata hatsin ya bushe. Ki sami kwalba busasshiya, ki zuba gishiri busasshe da ɗan hatsin a ciki, ki rufe ki girgiza, ki bar shi ya ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, sai a mayar rana. Wake da masara kuwa, ki nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ake matse iskar kowace leda a ɗaure ta daban, ƙwari su mutu don rashin iska ba tare da an sa magani ba. Ina roƙonki da babbar murya kada ki yarda a jefa ƙwayar maganin hatsi a buhun da ke ɗakin da ake kwana, domin iskar da take fitarwa tana kashe mutum, kada kuma a yayyafa wa wake maganin feshi na gona ko na sauro.

Ajiyar ci nake nufi, ba ta jiran tsada ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan ajiye wa iyalinsa abincin shekara, abin da aka hana shi ne ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a. Waɗanda suka cika rumbuna da nufin riba ma sun ji a jikinsu a 2025 lokacin da farashin masara da shinkafa ya sauko.

Tambaya daga wani mai shagon kayan masarufi a Jega: Malam, barka da aiki. Kafin korona ko asusun banki ban damu da shi ba, yanzu kuwa fiye da rabin cinikina tiransifa ne, har mai sayen sabulu ɗaya sai ya ce in ba shi lambar asusu. Sau biyu ana nuna mini shaidar biya a waya in ba da kaya, kuɗi ba su shigo ba. Ina tunanin in rubuta a ƙofar shago cewa sai da kuɗi a hannu. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ban ba ka shawarar rubuta wannan sanarwa ba, domin ranar da ka liƙa ta, maƙwabcinka ka tura wa ciniki. Korona ta fara koya wa mutane tura kuɗi ta waya lokacin da shiga banki ya zama sai an yi dogon layi a rana, amma abin da ya kafa ɗabi'ar shi ne sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoban 2022. Ba ka manta da farkon 2023 ba, lokacin da mutum ke da kuɗi a asusu amma ba shi da na koko, masu POS suna sayar da naira da naira, har jihohin Kaduna da Kogi da maƙwabciyarmu Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. A watannin nan ne mai nama da mai shayi da mai kayan miya suka buɗe asusu a OPay da Moniepoint da makamantansu, kuma wanda ya saba fita ba ya tsoron ɗan sane, da wuya ya koma cusa damin kuɗi a aljihu.

Matsalarka tana da magani, kuma maganin ƙa'ida ɗaya ce da ba a ɗaga wa kowa: abin da ke wayar mai saye ba shaida ba ne. Hoton rasit ana ƙirƙirarsa, saƙon alat ma ana aiko da na bogi mai kama da na banki. Shaidarka ita ce ka buɗe manhajar asusunka, ko ka duba na'urarka, ka ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. Masu wannan aiki sun san lokacin da suke zuwa, wato dab da magariba ko ranar kasuwa, sa'ad da mutum biyar ke miƙo maka hannu lokaci guda, kuma za ka ji suna cewa mota na jiransu. Ka ce masa cikin mutunci, “Yi haƙuri ɗan'uwa, bari su shigo tukuna,” ka ajiye kayan a gefenka, ka ci gaba da sallamar sauran. Mutumin kirki zai jira. Idan kuwa wanda ka sani ne a unguwa, an cire masa kuɗi ba su iso ba, ka ba shi kayan ka rubuta a littafin bashi da kwanan wata, in sun shigo ka soke a gabansa.

Ka raba asusun shago da na gida, ka kuma riƙe asusu biyu a wurare daban-daban domin ranar da sabis ɗin ɗaya ya tsaya. Ka tabbata inda kake ajiya yana da lasisin Babban Banki da inshorar hukumar NDIC mai kare kuɗin masu ajiya a banki. Kowane dare ka gwada abin da ya shigo da abin da ke littafi, domin kuɗin waya ba sa nuna raguwa kamar yadda na akwati ke nunawa, sai mutum ya ci jarinsa bai farga ba. Idan kuɗi suka maƙale, ka kai kuka bankinka a rubuce ka karɓi lambar ƙorafi, idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ka ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Lambar sirrinka da lambar da ake turowa ta tabbatar da biya kuwa, babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ya tambaye ka su. Wannan gargaɗi ka isar da shi ga matan unguwarku da ke ba yara kati da lambar sirri a rubuce a takarda su je wurin mai POS.

Duk da haka kada ka rabu da tsabar kuɗi gaba ɗaya. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako, mutanen da abin hannunsu ke banki sai da suka riƙa fita wata jiha kafin su taɓa shi. Bayan wannan, akwai tsohuwar da za ta zo maka da naira 500 a ƙulle a bakin zane, ba ta da waya, ba ta kuma da niyyar mallaka. Ka tanadar mata canjinta, kada ka cika mata hannu da alewa a madadinsa, domin haƙƙinta ne.

Tambaya daga wata matashiya a Birnin Kebbi: Malam, ina wuni. Tun lokacin da aka hana tafiye-tafiye na saba sayen kaya ta WhatsApp. Kwanan baya na ga leshi a shafin wata mata da ke wani gari, na tura kuɗi, direba ya kawo, sai na tarar launin ba shi ba ne, yadin ma bai cika ba. Na yi mata magana ta ce ba a mayar da kaya. Mahaifiyata ta ce cinikin biri a sama nake yi, in koma shiga kasuwa. Ga shi ni ma ta waya nake sayar da turaren wuta da humra. Ina mafita?

Amsa: Ƙanwata, ki fara da sanin cewa kina da gaskiya a kan matar nan. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye idan an siffanta shi, amma da sharaɗin idan ya zo saɓanin siffar, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Cewa ba a mayar da kaya tana aiki ne a kan wadda ta sauya ra'ayi bayan an kawo mata abin da ta zaɓa, ba a kan wadda aka rage wa yadi ba. Ki auna leshin a gaban shaida, ki ɗauki hotonsa kusa da hoton da ta sa, ki tura mata cikin lumana, ki nemi ko dai ta karɓa ko ta mayar miki da kuɗin ragin. Idan ta ƙi, ki nemi wadda ta haɗa ku ko shugabannin kasuwar da take sari, sannan akwai hukumar FCCPC ta tarayya da ke karɓar koken masu saye.

Nan gaba, kada hoto ya ishe ki, domin yawancin hotunan da ake sawa daga wurin ɗan sari aka kwaso su, mai sayarwar ma ba ta taɓa kayan da hannunta ba. Ki ce ta ɗauko miki bidiyo a hasken rana, ta warware kayan, ta nuna miki rubutun da ke bakin atamfa. Ki sa ta faɗi yadi da bakinta a saƙon murya, ki adana: turmin atamfa yadi shida ne, leshi galibi yadi biyar. Ki duba ko sunan da ke kan asusu ya dace da na wadda kike magana da ita. Da sabuwar mai kaya ki fara da ƙaramin abu, in da hali ki biya rabi, sauran sai kaya sun iso, ki kuma karɓi lambar direba da sunan tashar da za a sauke.

Mahaifiyarki tana magana ne a kan abin da ta sani, kuma akwai abin da ta fi ki gaskiya a kansa. A kasuwa za ki taɓa, ki shinshina, ki taya a ce albarka, ki juya kamar za ki tafi a kira ki a sallama, a ƙarshe ma a yi miki gyara. A waya farashi ɗaya ake rubutawa, ga kuɗin mai kawowa a sama. Nama da kifi da kayan miya musamman, ban ga dalilin sayensu ido rufe ba. Ɗanyen kifi sai an ɗaga marfin kunnensa an ga ja, an ga idonsa garau, bandar kifi kuma sai an karya an duba cikinta an shinshina, saboda wasu na fesa mata maganin ƙwari don ta daɗe.

Amma ba zan ce ki bar waya ba, kuma dalilina ya wuce turarenki. Matanmu sun daɗe suna kasuwanci daga cikin ɗaki, da ƙuli-ƙuli da fura da dambu da ɗinkin hula, sai dai ƙafar wannan kasuwanci ita ce yarinya mai tire a ka, tana yawo tasha-tasha a lokacin da sa'o'inta ke aji, tana jin maganganun da bai kamata ta ji ba. Yau mace tana iya sa hoton kayanta, a tura mata kuɗi, ɗan kabu-kabun da ta yarda da shi ya kai, 'yarta kuma tana makaranta. A cikin duk abin da shekarun nan suka bar mana, wannan ne na fi so ya ɗore ya kuma isa ƙauyuka. Ke da kika ɗanɗana zafin a cuce ki, ki zama wadda hotonta da kayanta ba sa saɓawa, ki rubuta girman kwalba da farashi a fili, wadda ta ce ƙamshin ba shi ta zaɓa ba ki karɓa ki canza mata.

Tambaya daga wani dattijo a Gwandu: Malam, jikana ya dawo daga jami'a, na miƙa masa hannu ya noƙe, wai mura yake yi, ya durƙusa daga nesa da ƙyalle a baki. Abin ya sosa mini rai. Ashe ba a ce cutar ta wuce ba? Ga shi ko bokitan wanke hannu da aka jera mana a ƙofar masallaci babu ko ɗaya yanzu.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, kuma musafaha sunna ce mai falala, babu dalilin da zai sa mai lafiya ya ƙi miƙa wa ɗan'uwansa hannu a yau. Amma jikanku ba raini ya yi ba. Murar da saurayi zai yi kwana uku ya warke, ita ce kan sauka a ƙirjin dattijo ta kwantar da shi, kuma ta hannu da numfashi take bi. Addininmu ma ya yi umarni da kada a cuɗa mai ciwo da mai lafiya. Tunda ya durƙusa ya gaishe ku yadda tarbiyya ta tanada, ku sa masa albarka, idan ya warke ya zo ku yi musafaha.

Maganar bokitai ita ce ta fi tsaya mini. An ajiye su ne don tsoron hukuma da tsoron sabuwar cuta, da tsoron ya kau aka mayar da su ɗiban ruwa, alhali cutar da ta fi cin mutanenmu tana nan. A shekarar 2021 kaɗai, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta lissafa fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Kebbi da Zamfara da Sakkwato na cikin jihohin da abin ya taɓa. Wannan adadi ya zarce duk mutuwar korona da aka rubuta a hukumance a ƙasar. Mu masu alwala ne sau biyar a yini, amma ruwa zalla ba ya yin aikin sabulu bayan an fito bayan gida, ko bayan an yi wa yaro tsarki, ko kafin a sa hannu a akushi. Ku duba yadda ake yi a walimar ɗaurin aure: kwano ɗaya na ruwa zai zagaya mutum goma, na ƙarshe a cikin dattin tara yake wankewa. Gyaran ba ya cin kuɗi, yaro ne zai riƙe buta ya zuba wa kowa, ruwan ya sauka a wani mazubi, ga sabulu a gefe, inda babu sabulu kuma toka ta fi babu. Ku da ake jin maganarku a masallaci, idan kuka ce a mayar da buta da sabulu kusa da bayan gida, za a mayar.

Takunkumin rufe baki da hanci ma yana da sauran amfani ga mai tari a cikin sahu, da masu aiki a injin casar shinkafa, da lokacin ƙurar hunturu.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Zuru: Malam, tun lokacin korona da mutane suka ji tsoron asibiti, muka saba da zuwa kemis. Da yaro ya yi zazzaɓi sai in je a haɗo mini magani, har jaka muke da ita ta ragowar magunguna. Akwai laifi?

Amsa: Malam, akwai, kuma ina fata za ka zazzage jakar nan yau. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, ba kuma a gane shi da taɓa goshi. Gwajin gaggawa na ɗigon jini daga yatsa yana nuna sakamako cikin minti 15 zuwa 20, ana yin sa a ƙananan asibitoci da shagunan magani da yawa, kuma ya fi haɗin da ake ƙullo maka araha. A nan Kebbi batun ba na sakaci ba ne, domin binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar maleriya a jinin kusan rabin yaran da aka gwada 'yan ƙasa da shekara biyar, adadin da ya fi na kowace jiha. Shi ya sa aka fara ba da allurar rigakafin maleriya a Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024, ana fara yi wa jariri daga wata biyar, kuma sai an cika allura huɗu.

Idan gwaji ya nuna maleriya, a sha maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta na kwana uku har ya ƙare, ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Ragowar da ke jakarka shaida ce cewa ba a cika wasu ba. Kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa maganin mura, yawan shan su ba bisa ƙa'ida ba kuma yana sa su daina aiki ranar da ake buƙatarsu da gaske. Duk abin da za ka saya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka guji wanda aka ɓare daga kwalinsa ko aka shanya a rana a kan tire. Abin da ya dace ya zauna a gida kaɗan ne: farasitamol, da gishirin ORS tare da ƙwayar zinc saboda gudawa, da ma'aunin zafin jiki, a wuri mai sanyi da hannun yara ba ya kaiwa. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko numfashinsa ke fita da sauri, ko wuyansa ya sanƙare, asibiti za a wuce da shi kai tsaye ko da tsakar dare ne, ba a biya ta kemis.